Hoton Aku da Uwar Minista

Zuwa ga ɗana Aku,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yar jikata. Mu nan sai godiyar Allah. Kunnena na hagu dai ya gama aiki, injinan wankin otal sun cinye shi, don haka kada ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Ko na kira, sai dai in yi ta na'am, na'am, kai kana can kana ɓata bakinka. An ma ce ka kashe taka. Kawunka kuma idonsa na dama ya yi yana, likita ya ce za a yi masa aiki wata mai kamawa.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ranar Litinin ina tsaye a kan guga, Rediyo ta zo ta ɗora min wayarta a kan zanen gadon da nake gogewa. Ka tuna Rediyo, abokiyar aikina mai labarin duniya, wadda ka kwaikwayi tafiyarta zuwan da ka yi, ta yi dariya har ta faɗa kwandon tawul. Duk ɗakin guga babu mai son ka kamarta. Wasanninka na Baban Haya ta haddace su kaf, ko shugabar aiki ta shigo da faɗa sai ta juya baya ta ce "haya ta ƙaru" da muryarka. To ita ce ta nuna min hotonka. Ga ka da hular wasa da tumbin ƙarya, ka riƙe hannun wata tsohuwa, ka sunkuya mata kamar mai neman gafara. A ƙasa an rubuta wai uwar tsohon Minista ce, wai Baban Haya ya sami sabon maigida. Akwai kuma guntun bidiyo, na kanga kunnen kirki na ji ka da bakinka kana cewa uwarka ce.

Rediyo ta ce in kalli ɗan da nake yi musu taƙama da shi. Na miƙa mata wayarta na ci gaba da guga.

Kai ka san abin da mutumin nan ya yi mana. Shi ya sa hannu aka sallami ma'aikatan jirgin ƙasa, har da Kawunka, saura ƙiris ya yi ritaya. Mutumin da ya saba fita da jakarsa tun kafin unguwa ta tashi, ya koma zaman bakin ƙofa yana liƙe tayar kekunan yara. Yanzu ga zaɓe ya matso, Ministan yana neman babbar kujera, mu kuwa duk ɗakin guga abokin takararsa Injiniya muke yi, ba mu ɓoye ba. Mutane irinmu ne suka ɗaga ka, don kana faɗar abin da ke cin mu a rai ta hanyar da za mu yi dariya maimakon kuka.

Ni ba ni na haife ka ba, 'yar ƙanin kakanka ce ni, wani ma zai ce zumuncin ya yi nisa. Amma a ɗakina ka zauna lokacin ciwon mahaifiyarka, ni na laƙaba maka Aku don ba ka barin muryar kowa ta wuce ba ka ɗauka ba. Ina da bakin tambaya. Ka faɗa min gaskiya, ko mai ɗaci ce. Ka ba direban motar kaya amsa, yana juyowa ƙarshen mako.

Goggonka.

*

Zuwa ga Goggo,

Na sami takardarki, na ji daɗin ganin rubutunki ko da faɗa ne a ciki. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida Kawu, Allah ya sa a yi aikin idon a sa'a. Mu ma lafiya lau, sai dai barci ya yi mana ƙaranci.

Ga yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi.

Akwai wata tsohuwa da ta yi shekaru tana zuwa wasanmu na ranar Asabar da yamma. Kullum kujerar gefe take zama, kusa da ƙofa, saboda ƙafarta, da sandarta da 'yar gorar ruwanta. Masu yanka tikiti Malama suke ce mata, don an ce ta koyar a firamare. Dariyarta ma na sani, ba ta da ƙara, kafaɗunta ne kawai ke girgiza. Ban taɓa tambayar ko uwar wa ce ba.

Ranar muna tsakiyar wurin nan da Baban Haya ke yi wa 'yan haya alkawarin gina musu banɗaki a bene, alhali gidan ba shi da bene. Kin san da muryar Minista nake yin sa. Zauren ya cika, ana ta dariya, sai wani daga baya ya haska ta da fitilar waya ya ce ga uwar ɓarawon nan a zaune. Kafin ki ce kwabo wasu sun ɗauka, suna maimaitawa suna buga ƙafa. Na yi ƙoƙarin janye su da barkwanci, makaɗinmu ya ƙara wa ganga ƙarfi, duk a banza. Wani ya jefo robar ruwa ta same ta a kafaɗa. Ta yunƙura za ta tashi, sandar ta zame ta shige ƙarƙashin kujeru, ta tsaya riƙe da bayan kujera tana dube-dube. Na kusa da ita duk suka matsa gefe.

Goggo, ban yi tunanin Minista ba, ban yi tunanin Injiniya ba. Na diro daga dandamali da tumbina da hulata, na rarrafa na ciro sandar. Sunkuyon da kika gani a hoto ke nan, ina miƙa mata sanda ina sauraron abin da take faɗa. Cewa ta yi, "Ɗana, yi haƙuri, na ɓata maka wasa." Makirfo yana maƙale a wuyan rigata na manta, na juya na ce da su, "Ku rabu da ita, uwata ce." Nufina, duk tsohuwar da ta kai wannan shekarun uwa ce ga wanda ya same ta a tsaye. Na raka ta waje, mai gadi ya tsayar mata da tasi. Da na dawo rabin zauren ya watse.

Washegari aka yanko kalma biyun nan aka watsa. An yayyage fostocinmu, manaja ya dakatar da wasan wai sai ƙura ta lafa. Wayata ta koma kwandon shara, mutanen da suka sha tare ni a hanya don ɗaukar hoto su ne ke yi min fatan mutuwa. Wani ya rubuta "an saye shi" da gawayi a ƙofar gidanmu, matata ta fita da bokiti ta wanke kafin yarinya ta tashi.

Ba wanda ya ba ni ko sisi, ban taɓa ganin mutumin ido da ido ba, kuma ra'ayina a kansa yana nan inda kika san shi. Ki karanta wa Kawu wannan. Ina nan zuwa ranar aikin idonsa kamar yadda na yi alkawari, ni zan riƙe masa hannu zuwa asibiti.

Ɗanki,
Aku.

*

Aku,

Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Na karanta, na kuma karanta wa Kawunka. Ya tashi ya fita ƙofar gida. Direba yana tsaye yana min hon, ba zan tsawaita ba. Kada ka zo mana yanzu. Ko ranar aikin idon kada ka zo. Kawunka ma haka ya ce. Ka gaida matarka.

Goggo.

*

Zuwa ga ɗana Aku,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi wa Kawunka aiki, an kuma dace. Ranar da aka cire masa bandeji ya ƙura min ido ya ce ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya masa. Ni kuma ƙafa ce ta ɗan kumbura, tsayuwar guga ce, ba wani abu ba.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Ya rantse min ya ba matarka takardata a hannu. Ko ba ka da lafiya ne? Ko wani abu ya same ku ake ɓoye min?

Abin da ya ƙara tayar min da hankali, makon jiya na fito daga aiki na ga an liƙa hoton nan naka a bangon tashar mota, babba, da tambarin jam'iyyar Minista a gefe, an rubuta "Uwata ce" da manyan baƙaƙe. Yanzu ya cika gari, har a jikin motocin haya. Kullum sai na wuce ta gabanka sau biyu, da safe da yamma, kana sunkuye. A ɗakin guga an daina yi min magana sai ta aiki. Da, in an dafa shayin hutu, Rediyo ce ke ajiye min kofina a kan taga. Yanzu ni nake zuwa in zuba da kaina, in zauna a kan kwandon wanki in sha ni kaɗai. Ba ƙorafi nake ba, na girmi wannan. Amma da na ce musu sanda ka miƙa wa tsohuwa, sai Rediyo ta ce to sandar ce ta buga fosta?

Amsar wannan tambayar tana wurinka. Kai kaɗai ke da ita. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Goggonka.

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki. Na yi murna ƙwarai da jin idon Kawu ya buɗe, Allah ya ƙara sauƙi. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan filo in kin dawo. Lafiyarmu ƙalau, ba abin da ake ɓoye miki.

Shirun da na yi, kunya ce da ɓacin rai. Takardarki ta ƙarshe kafin wannan na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Kika ce Kawu ya tashi ya fita, kika ce kada in zo. Na gane. Mutumin da aka raba da aikinsa bayan ya ba shi ƙuruciyarsa, ba dole ba ne ya so ganin fuskar da ke manne a fostar wanda ya kore shi. Ban ga laifinku ba. Sai dai zagin dubban mutane bai yi min zafin layin nan guda ba.

Batun fosta, ba da sanina ba ne. Mutanen Minista sun zo har gida da wata doguwar mota, suka zauna a falo suna yaba tarbiyyata, suka ce in zo in buɗe musu babban taronsu. Na ba su ruwa, na ce ba zan iya ba, na roƙe su su cire hotona. Babbansu ya yi murmushi ya ce hoto na wanda ya ɗauka ne. Da suka ga ban zo ba, yaransu ma suka shiga zagina, wai na raina uwar ubangidansu bayan na ci albarkacinta. Yanzu ta ko'ina jifa ake.

Manaja kuma ya kira ni ofis. Ya ce zai buɗe wasa in na yi bidiyon ban haƙuri, in kuma saka barkwanci ɗaya a kan tsohuwar don mutane su tabbatar ba na tare da su. Har ya tsara yadda zai kasance, wai Baban Haya ya kori wata tsohuwa mai sanda don ɗanta ya sace ƙofar gidan. Na san za a yi dariya, Goggo, sana'ata ce. Kuma ba ni kaɗai ba ne a jirgin. Akwai mai fitilu, akwai matar da ke fitowa a 'yar haya, akwai makaɗi da 'ya'yansa ƙanana. Tun da aka rufe suna zaune. Makaɗin ya same ni a bayan dandamali ina naɗe kaya, ya ce ni na yi alheri, su ke biya. Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ta shige ni. Yarinya ma ta dawo daga makaranta ta tambayi uwarta ko da gaske ita jikar Minista ce, haka 'yan ajinsu ke kiranta.

Malama ta aiko mai gadi ya nemo ni, na je. Gidanta ƙarami ne a wata tsohuwar unguwa, ta ƙi komawa wanda ɗanta ya gina mata. Hotunan ɗalibanta ne cike da bango. Ta dafa min shayi da kanta tana dogara sanda. Ta ce ta yi wa ɗanta magana a kan fostar, ya ce ba shi ke kula da wannan ba. Na tambaye ta yadda take iya zama tana jin ina kwaikwayon ɗanta shekara da shekaru. Ta juya cokali a kofinta ta ce, "Ina yin dariya a can, in dawo nan in yi kuka. Amma ban taɓa cewa ƙarya kake ba." Ta ce ba za ta sake zuwa ba, don kada ta ƙara ja min. Na ce ta zo, ta girgiza kai.

Wannan ce matar da ake so in mayar abin dariya. Na ce wa manaja ya ba ni lokaci. Wan matata yana da motar rarraba burodi, ya ce in ina so in zo in riƙa tuƙa masa. Wataƙila in ajiye hular kawai, sauran su nemi wani ya hau musu dandamali. Ban yanke ba tukuna.

Ki gaida Kawu, in zai amsa.

Aku.

*

Zuwa ga ɗana Aku,

Lafiyarmu lau, ƙafa ta sace, ido yana ta ƙara haske. Gaisuwar ke nan, don yau da faɗa na zo.

Kai da ke cin abinci da magana, ashe ba ka iya karanta ta ba? Mutane sun yanko kalma biyu daga bakinka sun yi maka hukunci, kai ma ka yanko layi ɗaya daga takardata ka yi mana. Laifina ne da na rubuta a tsaye, takarda a kan murfin mota, direba yana ta hon. Amma ka san ni, ka san ɗakin da ka kwana. Yaushe na taɓa rufe maka ƙofa?

Saurari abin da ya sa. Kafin takardarka ta farko ta iso, samarin unguwa sun zo ƙofar gida har sau biyu suna tambayar yaushe ɗan Minista zai zo, wai suna da tarba da za su yi masa. Sun san ranar aikin idon, don Kawunka ya gama shelanta wa kowa cewa kai za ka kai shi. Ɗaya daga cikinsu da guntun ƙarfe a hannu yana wasa da shi. Yaran da Kawunka ya liƙe wa taya ne fa, wasu a gabana aka yaye su. Tsoro ne ya sa na ce kada ka zo, ban kuma so in rubuta dalilin ba don kada matarka ta gani hankalinta ya tashi.

Fitar da Kawunka ya yi kuwa, ba fushi ba ne. Ka san shi, in abu ya taɓa shi ba ya son a ga fuskarsa. Ya daɗe a waje, da ya shigo ya zauna bakin gado ya ce, "Ɗanta ne ya kore ni, ba ita ba. Da ina wurin ni zan ɗauko sandar." Washegari da samarin suka dawo, ya sa kujera a tsakiyar ƙofa ya zauna da idonsa ɗaya, ya kira kowannensu da sunan uwarsa, ya tambaye shi lafiyarta. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Duk da haka ya ce gara ka zauna can har zaɓe ya wuce, don ba duka yaran gari ya san uwayensu ba. Ranar aikin, da ake tura shi a keken asibiti, sai da ya waiga ƙofa, ko ka ƙi jin magana ka zo.

Batun bidiyo, ni ba 'yar wasa ba ce, amma ga nawa. Mutanen da suka sayi tikiti wasa ya tsaya musu a tsakiya, ka ba su haƙuri, hakkinsu ne. Waɗanda ke jin ka yashe su, ka gaya musu kana nan, don zafin da suke ji na gaske ne, ni ma na ji shi. Amma tsohuwar nan kada ka taɓa ta. In ka yi, za su dawo su cika zaure, kai kuma ba za ka ƙara jin daɗin dariyarsu ba. Makaɗi yana da gaskiyarsa, ka je gidansa ka zauna da shi, kada ka bar shi da maganar bayan dandamali. Motar burodi kuma ka bar wa masu ita. Kai da ko keke sai da ka shiga da shi cikin kwata.

Na karanta wa Rediyo inda ka yi bayanin fosta. Ta ce kowa ma zai iya rubuta haka. Na ce haka ne, na ninke takardata.

Duk ranar da za ka koma dandamali ka sanar da ni. Ina da hutun da ban ci ba, Kawunka kuma yana neman abin da zai gwada sabon idonsa a kai.

Goggonka.

*

Goggo,

Na karanta, na ba matata ta karanta, ta ce maganina ke nan. Ku yafe min, ke da Kawu. Muna lafiya.

Na gaya wa manaja ba zan yi bidiyonsa ba. Ya yi ta zagaye ofis, a ƙarshe ya ce Asabar ta fi ƙarfina yanzu, ya ba wasu mawaƙa. Ya bar min Lahadi da rana, lokacin da ba kowa ke so ba, in zauren bai yi rabi ba kuma shi ke nan. Na je gidan makaɗi kamar yadda kika ce. Mun rabu lafiya, amma ya riga ya kama aiki da mawaƙan, ban kuma ce ya bari ba. Mai fitilu da 'yar haya suna nan. Lahadin ƙarshen wata ne. Na share muku ɗakin yarinya, ita za ta kwana wurinmu.

Ɗanki,
Aku.

*

Zuwa ga ɗana Aku,

Mun iso gida lafiya, sai gajiyar hanya. Kawunka tun daga tasha yake karanta allunan shaguna da ƙarfi, har na ce ya bari mutane na kallonmu. Ka gode wa matarka da hidima, ka ce wa jikata ribon ɗinta da ta manta a jakata yana nan, direba zai kawo.

Da muna sallama ka tambaye ni yaya wasan ya yi daga ƙasa, ka ce fitilu suna kashe maka ido ba ka ganin kowa. Mota na jira ban ba ka amsa ba. Ga ta.

Zauren bai cika ba, ka sani, amma na ji mai yanka tikiti yana ce wa manaja ya haura rabi, manajan ya yi kamar bai ji ba. Da ka fito ba hula ba tumbi ka ba da haƙurin wasan da ya tsaya, ka ce ba ka bin kowa sai 'yan haya, muryarka ta yi rawa. Ba na jin wani ya lura sai ni. Layin bayanmu samari ne guda huɗu ko biyar, da gani ba dariya ta kawo su ba. Da ka shiga ka dawo a Baban Haya, ɗaya ya miƙe ya ce nawa aka ba ka. Na riƙe hannun Kawunka. Sai ka shafa tumbi ka ce da an ba ka wani abu da wannan na gaske ne, ka zaro tsumma daga ciki ka share gumi da shi. Wata mata a gabana ta yi dariya har ta ƙware. Samarin suka tashi suka fita suna buga kujeru, wasu ma daga can gefe suka bi su.

Amma wanda ya yi tambayar bai fita ba. Ya koma ya zauna, ya harɗe hannu a ƙirji. Lokacin hutun tsakiya na ji yana magana shi kaɗai, wai shi ubansa har ya rasu bai ga haƙƙinsa na jirgin ƙasa ba, wasu kuma suna nan suna riƙe wa uwar Minista hannu. Kawunka ya juya ya tambaye shi a wane sashe uban ya yi aiki. Ashe mai duba birki ne, sun yi aiki tare a layi ɗaya, har ya san laƙabinsa. Suka yi ta hira, Kawunka yana ba shi labarin yadda uban ke waƙa in yana bin ƙarƙashin taragu. Bai ce masa ya yafe maka ba, bai ma ce ya san ka ba. Yaron ya zauna har ƙarshe. Bai tafa ba, amma a wurin banɗakin bene na ga ya rufe baki da hannu. Da za a fita shi ya riƙe wa Kawunka hannu a matakala.

Rashin ganga ya fito fili, ba zan ɓoye maka ba. Ka nemi wani makaɗin. Sabon wurin nan kuma da Baban Haya ke liƙa hoton 'yan haya a fostarsa ba da izininsu ba, ya yi tsawo, ka rage shi.

Jiya na koma aiki. Ba wanda ya tambaye ni ina na je, alhali duk sun sani. Can da rana muna ninke zannuwan gado ni da Rediyo, don aikin mutum biyu ne dole ta kama min, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ko ka yi na banɗakin bene. Na ce ka yi, har da sabo. Ta ce ita ba ruwanta. Muka ninke wani zanen. Sai ta ce wane irin sabo.

Aku, ni da ban taɓa kwaikwayon ko kyanwa ba, na cusa rigar filo a cikin rigata na tsaya a tsakiyar ɗakin guga ina yin Baban Haya. Muryar ba ta fito ba, tafiyar ma ta agwagwa ce, amma masu wanki suka kashe inji suka zo. Ina cikin yi aka ji ƙauri, ashe na bar dutsen guga a kan tawul ɗin otal. Shugabar aiki ta yi faɗa, na amsa laifina.

Da ta fita, Rediyo ta share hawayen dariya da bakin ɗankwalinta, ta tsuke fuska ta ce, "Ni fa har yanzu ban yafe masa ba. To daga nan sai ya ce me?"

Na ce ban iya sauran ba, sai dai ta je ta gani da idonta. Ba ta ce za ta je ba. Ta dai tambaye ni ƙarfe nawa motar Lahadi ke tashi.

Zaɓe saura kaɗan, ni Injiniya zan yi, kai kuma ka yi wanda ka ga dama, ba na tambaya. Ka ci abinci, ka rame. Kawunka yana gaishe ka, ya ce a gaya maka hular ta yi maka yawa.

Goggonka.